Martani: Ba Zaman Shawara Ke Hana Makarantun Tempane Tashi Ba

Wani ɗan'uwanmu marubuci ya yi rubutu a kan makarantun gwamnati da suka lalace a gundumar Tempane da maƙwabtanta, Garu da Pusiga da Binduri da Bawku, inda ya yanke hukunci cewa tara jama'a ana neman shawararsu kafin a sake gina makaranta ɓata lokaci ne. Ra'ayin ya samu karɓuwa har a bakin mutanen da ake ganin girmansu, shi ya sa bai kamata a bar shi ya wuce shiru ba. Zan shimfiɗa hujjarsa yadda shi ma zai yarda tasa ce. Yara suna zaune a gindin bishiya, iska ta kwashe rufin ajinsu, kuma duk makon da ya tafi a zaman taro daga karatunsu aka yanke shi. Gini sana'a ce mai ƙa'ida, gwamnati tana da zanen aji uku da na aji shida da injiniyoyi suka daɗe da tantancewa, don haka manomin gero da mai sayar da albasa ba su da abin da za su ƙara a kai. Ko an tara mutanen ma, in ji shi, masu sarauta da 'yan jam'iyya ne za su cinye zancen, talaka ya yi tafi ya koma gida. Sannan a yankin da rikicin Bawku ya bar zukata a ɗarare, tara ƙabilu a fili ɗaya ana tambayar inda za a kafa gini tsokanar faɗa ne. Maganinsa shi ne a bar majalisar gunduma da injiniyanta su tsara, a ba ɗan kwangila, masu binciken kuɗi su bi sawu, ranar buɗewa a miƙa wa gari mabuɗi.

Zafin da ya sa shi ɗaukar alƙalami zafi ne na gaskiya. Ƙungiyar Africa Education Watch ta sha bayyana cewa makarantun matakin farko fiye da 5,000 a Ghana suna karatu a gindin bishiya, ko a rumfa, ko a ginin da ya kusa zubewa, kuma arewa ce ta fi ɗaukar kaso. Ba mu manta da ranar 31 ga Janairu 2017 ba, da bangon ajin ƙananan yara ya rufta a Breman Jamra, can kudu, ya kashe yara shida. Wanda ya tuna wannan dole ya so a yi sauri. Sai dai Malam marubucin ya haɗa aiki biyu ya mai da su ɗaya. Fitar da yara daga ƙarƙashin bango mai tsagewa aikin yau ne, ba ya jiran shawarar kowa: a kafa tanti ko rumfa, a ari ɗaki a masallaci ko a coci, a raba yaran wasu da safe wasu da rana, hukumar agajin gaggawa ta kawo kwano a rufe abin da zai rufu. Sake gina makaranta kuwa aiki ne da 'ya'yan waɗannan yaran za su zauna a cikinsa. Don aiki na farko ya zama na gaggawa, shi ke nan sai a yi na biyun ido rufe?

Mu zo kan jinkiri, tunda a kansa ya jingina komai. Wani masani, Martin Williams, ya bi diddigin ƙananan ayyuka fiye da 14,000 na majalisun gundumomin Ghana tsakanin 2011 da 2013, ajujuwa da ɗakunan shan magani da makamantansu, ya buga sakamakon a 2017. Ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ayyukan da aka fara ba a taɓa kammala su, kuma waɗannan kangaye suna lashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da gundumomi ke zubawa a gine-gine. Ayyuka ne fa da aka tsara gamawa cikin 'yan watanni. Mai yawo a ƙauyukan arewa ya san kamanninsu: bango ya kai linta ya tsaya, rodi ya yi tsatsa a saman ginshiƙi, tulin yashi ya tsiro ciyawa, awaki sun mai da ajin wurin kwana, yaran kuma suna nan a gindin dalbejiyar da ke kusa. Abin da Williams ya gano shi ne sata kaɗai ba ta isa ta bayyana wannan ɓarna ba. Masu yanke shawara a gunduma ne ba sa tsayawa a kan magana ɗaya. Kowane ɗan majalisa yana jan kuɗin zuwa mazaɓarsa, yau a yarda da wannan aiki, gobe ƙawance ya sauya, sai a ɗauke kuɗin a aza sabon harsashi a wani gari, na farkon ya zauna ba rufi.

Na san amsar da za a ba ni: ai wannan binciken ma yana goyon bayan Malam, yawan baki ne ya kashe ayyukan, in aka ƙara bakin jama'a abin sai ya ƙara dagulewa. A sake duba waɗanne bakuna ne. Bakunan manya ne, a ofis da bayan ofis, inda ba a rubuta alƙawari, ba kuma wanda ya shaida shi balle ya tuna da shi in an saɓa. Tsarin da Malam ke kira a koma gare shi, wato majalisa da injiniya da ɗan kwangila su gama magana a tsakaninsu, shi ne ainihin tsarin da ya haifi kangayen nan. Jerin makarantu da aka karanta a gaban iyaye, aka ce wannan ce ta farko saboda bangonta ya tsage, waccan ta biyu saboda rufinta ne kawai ya tafi, aka rubuta aka manna a bangon majalisa da ƙofar kowace makaranta, ya fi wuyar sauyawa a ɓoye. Williams da kansa ya lura cewa kuɗin da ya zo da sharuɗɗa masu ɗaure hannun gunduma ya fi kai aiki ƙarshe. Jama'ar da aka yi wa alƙawari a fili su ma sharaɗi ne mai ɗaure hannu.

Sannan watannin da ake cewa taro zai cinye, dama a jira suke tafiya. Asusun GETFund da aka kafa a 2000 don gine-ginen ilimi, wata doka ta 2017 ta sa masa iyaka, aka karkatar da wani ɓangare na kuɗinsa zuwa baitulmali, 'yan kwangila suka yi ta kukan bashi. Kason gundumomi, wanda kundin tsarin mulki na 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, sananne ne da zuwa a makare. Makarantun sakandare na jeka-ka-dawo guda 200 da aka yi alƙawari a zaɓen 2012, ba a gama ko rabinsu ba lokacin da gwamnati ta sauya a Janairu 2017, wasu kuma aka yi ta sukar cewa an kafa su nesa da inda ɗalibai suke. Laifin ya shafi manyan jam'iyyun biyu, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da taron iyaye ya jawo. Ko kuɗin yana hannu, dokar sayen kayan gwamnati ta 2003 ta wajabta a tallata kwangila, a karɓi tayi, a tantance. Ga kuma damina, wadda a yankin Upper East, inda Tempane take, sau ɗaya take zuwa, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ta yanke hanyoyin ƙauye, tifa ba ta shiga. Zama biyu ko uku da mutanen gari yana shiga tsaf cikin wannan jiran ba tare da ya ƙara masa kwana ɗaya ba, in dai an fara shi ranar da aka sa aikin a kasafi.

Batun gwaninta shi ne inda Malam ya fi kusa da gaskiya, kuma gara a ba shi abin da ke nasa. Buhun siminti nawa za a zuba a yashi, kaurin rodi, zurfin harsashi, nisan da ke tsakanin ginshiƙai, babu ɗaya da ya kamata a kaɗa ƙuri'a a kansa. Wani masanin tattalin arziki, Asim Khwaja, ya duba ayyuka 132 a ƙauyuka 99 na Baltistan a arewacin Pakistan, ya tarar inda jama'a suka sa baki a shawarwarin fasaha ayyukan sun fi lalacewa, inda kuma suka sa baki a sauran shawarwari, irin wane aiki za a yi da yadda za a yi amfani da shi da wanda zai kula, ayyukan sun fi ɗorewa. Malam ya riƙi rabin farko na wannan darasi ya saki na biyun. Zanen aji shida da aka zana a Accra ya san tsawon bango da faɗin taga, amma bai san Woriyanga ba, bai san Basyonde ba, bai san Bugri ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ɗauki rufi, tunda shi ne abin da ya fi tashi. Kowane manomi a ƙasar Kusasi ya san hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙura a gabansa kafin ɗigo ya sauka. Ginin da aka miƙe doguwar fuskarsa da barandarsa tana kallon gabas a fili fetal, iskar tana shiga ƙarƙashin leɓen kwano ta ɗaga shi, kuma in katakon da ke kan bango ƙusa kawai ta riƙe shi, ba a ɗaure shi da ƙarfe cikin kankare ba, rufin gaba ɗaya yake tashi ya faɗa gonar maƙwabta. In aka juya ginin gajeren gefensa ya fuskanci gabas, tagogi suka koma kudu da arewa, aka bar bishiyoyin da ke tare iska maimakon a sare su don a share fili, an rage haɗarin, an kuma kare yara daga ranar safe da ta yamma. Yadda za a ɗaure katakon aikin injiniya ne. Amma rufin wane gida ne ya tashi bara da bara waccan, ta wane lungu iskar ke bi, ina ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ina ya kai a ambaliyar 2007, wane rafi ne ke cika ya raba unguwa da makaranta har ɗan shekara biyar ya kasa tsallakawa, ina gara ta fi ɓarna, wace rijiya ce ba ta ƙafewa a watan Maris da za a samu ruwan kwaɓa siminti? Injiniyan da ya zo da rani ya ga ƙasa busasshiya ko'ina ba zai ga ɗaya daga cikin waɗannan da idonsa ba. Sai ya tambaya, kuma tambayar nan ita ce shawarar da ake cewa a soke.

Akwai kuma zafi. A watan Maris da Afrilu zafin wannan yanki yana kai maki 40, lokacin sanƙarau ke nan. Aji mai gajeren rufin kwano ba silin, da bulo mai huji a madadin taga, yara sittin ko fiye a ciki, da azahar ba ya zaunuwa, malami da kansa yake fito da su gindin bishiyar da aka gina ajin don a raba su da ita. Ba sai an je nesa neman misalin abin da ya fi wannan ba. A tsallaken iyaka, a ƙauyen Gando kusa da Tenkodogo a Burkina Faso, ƙasar Bisa ce, 'yan'uwan Busangan da ke zaune a Tempane da Pusiga da Bawku. Can Francis Kéré, ɗan garin, ya kammala makarantar firamare mai aji uku a 2001, da tubalin jar ƙasa da aka ƙarfafa da ɗan siminti, ya ɗaga faffaɗan rufin kwano a kan ƙarafa sama da silin na tubali, iska tana ratsawa tsakani tana kwashe zafi, leɓen rufin kuma yana kare bango daga ruwa. Da farko mutanen garin ba su so ginin ƙasa ba, suna ganin kayan talauci ne. Ya zauna da su, ya nuna musu, suka yarda, suka tara dutse, mata suka ɗebo ruwa, matasa suka koyi aikin. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. A lura, gwanin bai bi ra'ayin jama'a a kan kayan gini ba, jama'ar ma ba a yi musu dole ba, kuma masu gyara ginin suna cikin garin.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ma ba ta zane ba ce: da ɗan kuɗin da ke akwai, me za a fara yi? Takardar kwangila tana ƙirga ajujuwa, domin su ake gani a hoto ranar buɗewa. Uwa ce ta san dalilin da ya sa 'yarta ta daina zuwa makaranta da ta fara girma, kuma sau da yawa dalilin masai ne, ko babu shi, ko an haƙa shi a gaban filin ƙwallon maza, ko ba ƙofa ba ruwa. Shugaban makaranta ne ya san malamin da aka turo yana kwana a Garu ko Bawku saboda ba ɗakin haya a ƙauyen, yana iso da hantsi in babur bai ba shi matsala ba, har ɗakin malamai biyu ya fi aji na shida amfani a wannan shekarar. Masu dafa abincin makaranta ne suka san inda ya kamata madafa da burtsatse su zauna. Mahaifin yaro gurgu ne zai tuna cewa dokar naƙasassu ta 2006 ta ba da shekara goma a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin ya cika tun 2016, amma har yau ana ɗora matakala uku a ƙofar aji. Wanne ne cikin waɗannan mutane za a ce ba shi da abin ƙarawa?

Sai ƙasa, wadda Malam bai ko ambata ba, alhali ita ke binne ayyuka. Tun kundin tsarin mulki na 1979 aka mayar da filayen arewa hannun masu su na asali, gwamnati ba ta da ikon nuna fili da yatsa ta ce nata ne. A wannan yanki ƙasa tana da tindana, wato mai kula da ita a gargajiyance, tana da sarki, tana da gidajen da suka gaji noman ta. Makarantu da yawa suna zaune a filin da wani dattijo ya bayar da baki shekaru aru-aru, ba takarda ba turaku. Da zarar an ce za a faɗaɗa ko a matsa gefe, jikokinsa za su fito, kuma suna da hujja. Akwai kushewa, akwai wurin tsafi da ba a taɓawa, akwai kaɗanya da ɗorawa da matan wani gida ke ci daga gare su. In ba a warware wannan a zaune ba, aka auna iyaka a gaban shaidu, aka rubuta kamar yadda dokar filaye ta 2020 ta tanada, za a warware shi a tsaye, bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗin somin aiki ya zuba harsashi. Wanne ya fi cin lokaci, zaman yini biyu a ƙofar gidan tindana, ko shari'ar shekara biyu?

Maganar cewa manya ne ke cinye taro gaskiya ce, tana faruwa. Amma soke taron ba ya cire babban mutum daga cikin aikin, talaka kawai yake cirewa. Mai sarauta da shugaban jam'iyya suna da lambar wayar shugaban gunduma, suna iya ganin ɗan kwangila da daddare. Wanda ba shi da wata ƙofa sai taron shi ne uwar yara da malamin aji da Bafulatanin da ke bakin gari. Masu ra'ayin Malam suna son kafa hujja da binciken Benjamin Olken a ƙauyuka fiye da 600 na Indonesiya, inda tabbacin zuwan masu binciken kuɗi na gwamnati ya rage ɓatan kuɗin aikin hanya sosai, gayyatar jama'a taro kuwa ba ta yi wani tasiri mai yawa ba. Na yarda, kuma shi ya sa ba wanda ke cewa iyaye su maye gurbin Babban Mai Binciken Kuɗi. Amma a cikin binciken nan akwai abin da ba a cika faɗa ba: takardun ƙorafi marasa suna sun yi aiki inda aka raba su ta hannun 'yan makaranta su kai gida, ba su yi ba inda aka bi ta hannun masu unguwanni. Wato yadda aka shirya jin ta bakin mutane shi ke sa ya yi amfani ko ya tashi a banza. Kuma mai binciken kuɗi yana iya gano buhun siminti da ya ɓace, ba ya iya gano cewa an kafa makarantar a tsallaken rafi.

Shirya shi kuwa ba wani abu ne mai wuya ba. Ba a kiran taro ranar kasuwa, a yankin da kasuwa ke ci duk bayan kwana uku, ba a kiransa tsakiyar noma ko girbi. A zauna da mata su kaɗai, a zauna da manyan 'yan mata na makarantar tare da malama, kafin babban zama. A yi magana da Kusaal da Moar da Bisa, da Hausar da kasuwa ta haɗa kowa a kanta, a bar Turanci a cikin takarda. Maimakon a ɗaga zane ana nunawa daga nesa, a je filin da turaku da igiya a shata ɗakunan a ƙasa, mutane su taka su gani, nan ƙofa, nan masai, nan hanyar shanu. A faɗi adadin kuɗin da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa, a rubuta a allo a kafa a bakin aiki. Wannan ba alfarma ba ce da ake roƙa. Dokar tsare-tsaren ƙasa ta 1994 ta wajabta wa gunduma sauraron jama'a a kan shirin raya ta, dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta sake jaddada haƙƙin mazauna su sa baki, kuma kowace makarantar matakin farko tana da kwamitin gudanarwa da ya ƙunshi iyaye da malamai da wakilin sarki da ɗan majalisar gunduma. Lokacin da aka raba Garu da Tempane a 2018, hujjar da aka bayar ita ce a kawo mulki kusa da jama'a. In hedikwata ta matso amma shawara ta tsaya inda take, me aka matso da shi?

A kan Bawku dole a yi magana da taka-tsantsan, domin an rasa rayuka, kuma tun da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake tashi a ƙarshen 2021, dokar hana fita da rufe makarantu da gudun malamai sun taɓa yankin gaba ɗaya. Tsoron Malam ba na banza ba ne. Amma a wurin da kowa ke zargin kowa, ginin gwamnati da ya sauka ba bayani shi ne ake fassarawa: me ya sa aka kai unguwarsu, wa ya ci kwangilar, 'ya'yan wa aka ɗauka lebura, sunan wa za a sa? Jita-jita tana cika gurbin da bayani ya bari. Kuma akwai tambayoyin tsaro da mazauna kaɗai ke da amsarsu, kamar hanyar da yaro zai bi ba tare da iyayensa sun kwana da fargaba ba, da hanyar da motar kaya za ta bi lafiya. Ba dole ne a tara kowa a fili ɗaya ba. Ana bin mutane rukuni-rukuni, ta hannun sarakuna da limamai da fastoci da shugabannin mata da sarkin zango, sannan a sanar da abin da aka tsayar da dalilinsa a kowane harshe. Makaranta tana cikin wurare ƙalilan da 'ya'yan kowa ke zama a benci ɗaya, kuma hakan yana ɗorewa ne in kowane gida yana jin da saninsa aka kafa ta.

Abin da ya fi damuna a rubutun shi ne zaton da ke ƙarƙashinsa, cewa mutumin arewa mai karɓa ne kawai. Wannan zaton tsoho ne. Cape Coast ta samu makarantar sakandare a 1876. Arewa ba ta ga makarantar gwamnati ba sai 1909 a Tamale, sakandare kuwa sai 1951, domin Turawan mulki sun ɗauke ta rumbun 'yan ƙwadago na ma'adinai da gonakin koko. A duk tsawon wannan lokaci zangunan Salaga da Yendi da Bawku suna da makarantunsu na allo da na ilimi, waɗanda jama'a suka gina da karo-karo, suka ciyar da malamansu, har malami irin Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya koyar a Salaga. Iyayen zango da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu boko shekara da shekaru, kuma abin da ya taimaka wajen karya wannan ƙiyayya shi ne makarantun da suka haɗa Larabci da Turanci, da sashen ilimin Musulunci da aka kafa a hukumar ilimi ta Ghana a 1987, wato lokacin da aka ba su murya a kan makarantar. Mutanen da ke da wannan tarihi ne za a ce a miƙa musu mabuɗi su yi godiya?

Kada a ɗauka ina kiran a ɗora wa talaka nauyin gwamnati. Kundin tsarin mulki ya ce ilimin farko kyauta ne kuma dole, gina aji haƙƙi ne a kan hukuma, aikin gayya kuma ba ya zama sharaɗin da sai an cika shi za a ba gari makaranta. Amma bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, ɗan kuɗin da gwamnati ke ba makaranta a kan kowane ɗalibi tun 2005 ba ya isa ya sayi bandir ɗin kwano, ga shi ba ya zuwa a kan kari. Wanda zai hau ya buga ƙusar da ta saki kafin hadarin Afrilu, ya toshe ramin gara, ya shayar da itatuwan da aka dasa, ya hana a ɓalle ƙofofi lokacin hutu, mutumin gari ne, kuma mutum ya fi tashi tsaye a kan abin da aka yi da shi.

Matsayina a fili yake. Duk makarantar da bangonta ko rufinta ke barazana ga rai a Tempane, a fitar da yaran yau, a ba su mafaka ta wucin gadi ba tare da jiran kowa ba. Sake ginawa kuwa a fara shi da zama da mutanen da abin ya shafa, tun ranar da aikin ya shiga kasafi, a kan wuri da iyakar fili da abin da za a fara ginawa da wanda zai kula. A bar wa injiniya lissafin ƙarfe da siminti, a bar wa mai binciken kuɗi takardun biya, kwamitin makaranta kuma ya sa hannu kafin a biya ɗan kwangila kowane kaso. Hanyar ma ba baƙuwa ba ce a gundumar: shirin SOCO, wanda Bankin Duniya ya ba Ghana dala miliyan 150 dominsa a 2022, yana aiki a gundumomi 48 da suka haɗa da duk na Upper East, kuma ƙa'idarsa ita ce al'umma ta zaɓi aikin da take so, kwamitinta ya sa ido. Abin da ya rage shi ne majalisar gundumar Tempane ta bi wannan ƙa'ida a ayyukan GETFund da na kasonta, ta fitar da jerin makarantun da za a sake ginawa bi da bi tare da dalilin kowace, kuma kada a aza sabon harsashi sai an rufe wanda ke tsaye a linta.